Idrisa da Hannun da Kanwa Ta Cinye

Shekara da shekaru, in aka sallame sallar asuba a unguwarmu, kowa sai ya kama gabansa, mai gona ya nufi gona, mai jaki ya nufi turke. Idrisa kuwa sai ya tsaya a ƙofar gidansa, hannu a ƙugu, yana duban gabas kamar wanda ya aiki rana kasuwa yana jiran ta dawo da saƙo. In ya ga sarari fes, sai ka ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. In ya ga gajimare, ranar ko gaisuwarsa ma a taƙaice take. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, katangar ma gajeriya. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma daga bakin matarsa Maryama na ji. Bana yanar ido ta sa ya ajiye aiki, na ga kuma bai kamata mutum irin wannan ya koma kan tabarma shiru ba a faɗi ko wane ne shi ba.

Ga wanda bai san sana'arsa ba, ga yadda take. Yana da gishiri iri biyu da ake kawo masa daga Damagaram cikin kwalabe, ɗaya ja wur, ɗaya kore-kore mai ɓawo. Ba na miya ba ne, ko akuya ba ya bari ta matso kusa da su. Yakan jiƙa kowanne daban, sa'an nan ya haɗa su cikin ɗakin da ya toshe tagarsa da tabarma, ya shafa ruwan a kan farin ƙyalle ko takarda da ƙullin auduga, ya bar shi ya bushe cikin duhu. In hantsi ya ɗaga sai ya fito da shi a lulluɓe, ya ɗora abin da yake so a kai, ganye ne, zangarniyar gero ce, ko gashin zabo, ya danne da gilashi, ya bar wa rana sauran aikin. Inda rana ta taɓa ya sauya, inda abin ya kare ya zauna yadda yake. Sa'ad da ya ɗauke, in ka gani sai ka ce ɓarnar ƙyalle aka yi, wani toka-toka ne marar daɗin gani. Sai an tsoma shi a ruwa. A nan ne ni har yau ban daina mamaki ba. Kana tsaye kana kallo shuɗi zai taso daga cikin ƙyallen, shuɗin da ko a marina ban taɓa ganin irinsa ba, ganyen kuma ya bayyana fari tas a tsakiya, har da ɗan hujin da tsutsa ta ci. Na gani ba adadi, kuma duk sa'ad da na gani sai na ce Allahu Akbar ba da niyya ba.

A hannun Nasara ya koya. Lokacin da masu awo suka zo suna kafa turakun iyaka tsakanin ƙasar Faransi da ta Ingilishi, an ɗauke shi dako yana saurayi. Suka ga hannunsa na da tsabta, ba shi da gaggawa, suka tafi da shi Damagaram, biron, wato ofishin, masu zanen hanyoyi da gine-gine. Aikinsa a can shi ne ya fitar musu da zanen gini a kan shuɗiyar takarda, guda ya zama da yawa. Su iyakar abin da suke nema ke nan. To, wata rana ganyen tsamiya ya faɗo a kan takardar tana shan rana, da aka wanke sai ga siffarsa zaune daram a tsakiyar zanen ɗakin kumandan. Ya sha faɗa. Amma ya ce mini tun daga ranar zanen gini ya fita ransa, don ya ga rana ta iya abin da ya fi layi. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo Matameye, da gilashinsa naɗe cikin bargo a ka.

Da farko wasu sun ce tsafi ne. Da aka kai maganar gun limamin unguwa, ya zo ya tsuguna ya kalli aikin tun daga shafi har wanki, ya ce shi dai bai ga an zana fuskar kowa ba, inuwa ce, kowa kuma Allah ya ba shi tasa. Daga nan aka fara zuwa. Wani tsoho mai magani daga Tsauni ya riƙa kawo ganyayyakinsa ana ɗaukar inuwarsu, don jikokinsa su gane su ko da rani. Masu saƙar faifai suka kawo adonsu. Wani manomi daga Icirnawa ya kawo zangarniyar da ta fi kowace girma a gonarsa, wai don a daina ƙaryata shi a kasuwa.

Mu kuwa maƙwabta abin tsokanarmu a kansa ruwa ne. Idrisa ba ya wanki da ruwan kowace rijiya. Sai ya ɗanɗana, ya juya shi a baki kamar uwargida na ɗanɗana miya, in ya ji ɗan zartsin kanwa ya tofar ya wuce gaba. Duk wanda ya zo karɓar kayansa kuma sai ya sha huɗuba ɗaya: "Kada kanwa ta taɓa shi, kada ruwan toka, kada sabulu. Ruwa zalla!" Ya faɗa ya faɗa har sunan ya bi shi, ko yanzu in ka ce Idi Ruwa-Zalla ba wanda zai tambaye ka wanne. Mutum ɗaya ce tak wannan huɗuba ba ta kai gare ta ba, kuma labarinta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarar da aka yi ta ɗibar samari soja saboda babban yaƙin Nasara, abin ya faɗo a kan Isufu. Isufu ɗan fari ne ga A'ishatu, mai daddawa ta bayan kasuwa, kuma shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Kun san halinmu da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba wanda ya taɓa ganin ta shafa kansa. In aka yabe shi a gabanta sai ta kau da kai ta ce wutarta na ci. Ana gobe za a tafi da su, matan unguwa na ta kuka a kan 'ya'yansu, ita tana ƙulla daddawa.

Da hantsi ta shigo gidan Idrisa, wai ta kawo wa Maryama daddawa, alhali ba a aika a kawo ba. Ta gaisa, ta tambayi kaji, ta tambayi ruwa. Har ta juya za ta fita, sai ta tsaya tana duban katanga, ba Idrisa ba.

"An ce kana ɗaukar inuwar ganye."

"Ina ɗauka, Yaya."

"Ganye kaɗai?"

Idrisa ya dube ta. Ta gyara lulluɓinta.

"Wancan yaron gobe ne," in ji ta, ta fita.

Kai ne, Idrisa, ka ji abin da ba a faɗa ba. Kana da ƙyalle guda da ka shafa tun jiya don aikin wani, ka fito da shi, ka aika aka kira maka Isufu. Ina bakin katanga ina gyaran igiya, duk na ji.

"Isufu, zo ka taimake ni. Iska na damuna yau. Danne mini ƙyallen nan da tafin hannunka, kada ka motsa sai na ce."

Isufu ya tsuguna cikin rana ya danne. Gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa. Can ya ɗaga kai ya dubi bishiyar da ke tsakar gida, ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Baba Idi, ai yau babu iska."

"Akwai ta, kai ne ba ka ji ba."

Saurayin nan ya sunkuyar da kai, na ga ya ƙara buɗe yatsunsa. Ya danne har aka ce ya ɗaga. Da ya kai bakin zaure sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "In an wanke, a kai shi inda ya kamata."

Maryama ce ta kai. Ta ninke ƙyallen a gindin ƙwarya, ta zuba gero a kai, ta ajiye a ɗakin A'ishatu, suka yi hirar ciwon ƙafa, ta taso. A nan kuskuren ya shiga. Don ka ce wa mace kada ki wanke shi da kanwa, sai ka fara yarda cewa akwai abin wankewa, wannan kuwa ba mai iya faɗa wa A'ishatu a fuska. Kunya ta kai ƙyallen, ta bar gargaɗin a gida.

Yaƙi ya ƙare. Wasu suka dawo, wani da sanda, wani da tari. Isufu bai dawo ba, ba a kuma zo da labarin mutuwarsa ba. Wani ya ce ya gan shi a jirgin ruwa, wani ya ce ya ji an ce ya yi aure a bakin teku. Shekaru suka yi ta wucewa. A'ishatu na kasuwa kullum, ba ta tambayar kowa. Ashe ƙyallen na ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin zane, dare da rana, har gumi da maiƙo suka dusashe shi. Wata safiya ta dube shi ta ga ya yi dauɗa, ta yi abin da kowace mace mai tsabta take yi wa tufar da take ƙauna. Ta jiƙa kanwa, ta tsoma shi a ciki, ta tafi daka. Da ta dawo ta ɗaga, babu shuɗi, babu hannu. Ƙyalle ne kawai fari-fari.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta, ta juya fuska bango, ta daina cin abinci. Maƙwabta suka ɗauka zazzaɓi ne, aka kawo jiƙo, aka kawo rubutu, ba ta buɗe baki ba sai don kurɓin ruwa. Da Maryama ta je dubiya, ta jira ɗakin ya zama daga ita sai ita, sa'an nan A'ishatu ta zaro ƙyallen daga ƙarƙashin matashi ta miƙa mata.

"An karɓe," in ji ta.

"Haba Yaya! Kanwa ce. Haka take yi wa shuɗin nan."

"To, wa ya sa kanwar?"

Maryama ta gane nan take. Matar nan ta ɗauka alama ce aka nuna mata cewa ɗanta ya mutu, kuma da hannunta ta shafe shi. Ta kwanta ne tana jiran ta bi shi.

Na ga lokacin da Idrisa ya karɓi ƙyallen. Ya ɗaga shi ga rana ya daɗe yana kallo. Sake wani ba zai yiwu ba, mai hannun na bayan teku ko cikin ƙasa. Amma ya lura da wani ɗan rawaya-rawaya da ya rage a zaren, kamar tabon tsatsa. Sai ya tuna a Damagaram an taɓa ce masa akwai ƙarfe cikin gishirin nan. Ya kuma tuna yadda dukawa ke baƙanta fata: fatar da ta sha bagaruwa, in aka shafa mata ruwan tsatsa, sai ta koma baƙi ƙirin. Ya ce wa Maryama, "In ƙarfen na nan bai fita ba, watakila bagaruwa ta same shi. Watakila fa na ce." Ba wanda ya taɓa koya masa wannan, shi ma bai taɓa ganin an yi ba.

Ya je majema ya samo bagaruwa. Ya yi sababbin inuwoyin ganye, ya kashe su da kanwa da gangan, ya tsoma a ruwan bagaruwa. Na farkon ya yi kauri, ya rine ƙyallen duka, ba ganye ba alamarsa. Ya rage, ya sake, ya rage, ya sake. Daga baya ganye ya fara dawowa, muka yi ta hamdala. Shi kuwa bai yi murna ba. Ya ce sabon ƙyalle daban, wanda ya yi shekara da shekaru yana shan maiƙon jikin mutum daban, na A'ishatu kuma sau ɗaya za a tsoma shi, in ya ɓaci ya ɓaci. Yana bukatar tsohon da aka daɗe ana taɓawa ya gwada a kai. A duk Matameye kuwa guda ɗaya ya sani.

Suna da 'ya, Baiwa, wadda ta rasu ba a yaye ta ba, ba su kuma sake samun wata ba. Tana koyon zama Idrisa ya ɗauki inuwar tafin ƙafafunta biyu, Maryama na riƙe da ita a rana. Ƙyallen na cikin adudun Maryama, ita ma ba ta rasa fito da shi in gida ya yi shiru.

Ya wuni yana kewaya tsakar gida. Da la'asar ya zauna kusa da ita tana tankaɗe.

"Maryama, zan roƙe ki abin da ba ni da bakin roƙo."

Ta ajiye rariya. "Tun jiya na sani," in ji ta. Ta shiga ɗaki ta fito da shi, ta riƙe shi ɗan lokaci, sa'an nan ta miƙa. "Tamu mun san inda take kwance. Ita ba ta san inda nata yake ba."

Washegari da safe ina tsaye a katanga. Kai ne, Idrisa, mutumin da ya cika mana kunne da kada kanwa ta taɓa, ka jiƙa kanwa da hannunka, ka sa ƙafafun 'yarka a ciki, ka tsaya kana kallo har suka ɓace. Wallahi ni da ba 'yata ba sai da na kau da kai. Ka ɗauraye, ka tsoma a bagaruwa. Duhu ya fara taruwa, ƙafar dama ta fito da 'yan yatsunta. Ta hagu kuwa, wajen da babban yatsan Maryama ya saba zama, maiƙo ya hana ruwan kamawa, gefenta ya narke cikin ƙyallen. Ka jira, ka juya, ka ƙara jira. Ƙafa ɗaya ta dawo, ɗayar ta tafi ke nan.

Amma ya ga abin da yake nema ya gani. Sai an fara fitar da maiƙon da ruwa mai ɗumi, a hankali, ana sauyawa, sa'an nan a sa bagaruwa marar kauri, mai sanyi. A lokacin A'ishatu ta kai ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta. Ya wanke ƙyallenta kamar mai wankan jariri. Da ya zo tsomawa ya kira ni in riƙe masa ƙwarya. Muka tsuguna mu uku. Aka daɗe ba komai, har na fara tunanin abin da za a ce wa matar nan. Sai wani ɗan duhu ya soma daga kusurwa, ya yi ta matsowa, ya zo wani wuri ya tsaya kamar an ja masa layi. Gefen babban yatsa ne. Maryama ta toshe bakinta. Ɗaya bayan ɗaya yatsun suka fito, a buɗe, yadda ya buɗe su ranar nan. Shuɗin bai dawo ba, wajensa ya koma baƙi-baƙi mai ɗan ja. Hannun kuma da yake fari kamar auduga, bagaruwa ta ɗan rine shi, ya koma launin tafin hannun mutum sosai. Ban ji kunyar hawaye ba.

Wannan karon ba a ɓoye shi ƙarƙashin gero ba. Da ya bushe muka tafi tare. Maryama ta shiga ɗaki, ni da Idrisa muka tsaya bakin ƙofa, akwai mata biyu maƙwabta a ciki. Aka tallafe ta, aka shimfiɗa mata shi a cinya. Ta daɗe tana kallo. Sai muryarta ta fito, siririya.

"Idi, yana nan ke nan?"

Da wani ne, da ya ce yana nan, kowa ma zai yafe masa ƙaryar. Idrisa ya ce, "Yaya, wannan Allah ne masani. Ni ban sani ba, kanwa ma ba ta sani ba. Ƙyalle kika wanke, ba abin da kika yi masa. Sai dai daga yau, don Allah, ruwa zalla."

Ta ɗaga hannunta, a gaban matan nan da mu duka, ta ɗora tafinta a kan nasa. Nata ya shige ciki da saura.

"Ya sha rana, bawan Allah," in ji ta. Can kuma ta dubi Maryama. "Kunun nan da aka kawo ɗazu, da saura?"

Ta tashi. Ta koma kasuwa da daddawarta, ta ƙara shekaru masu yawa tana zaune a inda ta saba. Isufu bai dawo ba, har yau ba mu san komai ba. Idrisa ya hana a gaya mata abin da aka yi da ƙyallen Baiwa, ya sa na yi masa alkawari. Bara da damina A'ishatu ta rasu cikin tsufanta, shi ya sa bakina ya buɗe.

Idrisa, mai wanke inuwa, mun gode. Kai ne ka ɗauki aikin da aka koya maka don zanen bariki, ka mai da shi abin da uwa za ta ɗaura a ƙugu. Mun gode maka, mun gode wa Maryama, Allah ya saka muku da abin da ya fi abin da kuka bayar, ya haɗa ku da Baiwa a inda ba a rabuwa. Ku kuma mutanen Matameye, gilashin nan na jingine a ɗakinsa, kwalaben ba su ƙare ba, bakinsa kuma garau yake ko da idon ya gaza. Wanda Allah ya ba haƙuri ya je ya tsuguna gabansa ya koya tun yana nan. Wanda ba zai koyi sana'ar ba, ya koyi jin abin da maƙwabcinsa ya kasa faɗa.

Jiya na zauna da shi a zaure na ce masa zan rubuta wannan. Ya ce in bari, ban bari ba. Na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, ko ya taɓa yin da-na-sanin ƙafar nan da ta tafi.

"Kullum nake tuna ta," in ji shi. "Amma ai matar ta sha kunu."